Lambar Ga-ni-nan

Duk wanda ya taɓa riƙe kantin magani a garin nan ko ƙauyukan da ke kewaye da shi ya san Ga-ni-nan. In bai san fuskarsa ba ya san lambar wayarsa, domin tana nan a ƙasan allon kwamfuta ta ɓangaren dama, da manyan baƙaƙe, duk lokacin da aka buɗe manhajar da ke kula da kayan kanti. Kwamfuta ta yi gardama, firinta ta cinye takarda, ko mai jiran kanti ya danna abin da ba a aike shi ba, sai a kira lambar nan. Kafin ka gyara wayar a kunnenka za ka ji wata murya mai ɗan kauri ta ce, "Ga ni nan." Ba ya tambayar wa ke magana, don ya san muryar kowa, abin da ya lalace kuma sai ya iso ya gani da idonsa. Sai dai ka ji ƙarar baburinsa a ƙofar kanti, da jakar kayan aiki ɗaure a baya. Daga nan sunan ya bi shi, har 'ya'yansa in an tambaye su 'ya'yan wa ne, da shi suke amsawa.

Asalinsa mai gyaran tafireta ne. Ya fara a ƙarƙashin matakalar wani bene kusa da kotu, da tebur ɗaya da tsohon burushin haƙori da 'yar kwalbar man keken ɗinki. Da zamanin tafireta ya wuce ya koma gyaran firinta da injin hoton takardu. Mahaifinsu ya rasu da wuri, ya bar masa Inna da ƙane guda, Auta, kuma da wannan teburin ya ɗauki nauyin karatun Auta har jami'a. Auta ya fito da kai mai kyau da baki mai nauyi. Ka ba shi kwamfuta ya wuni yana hira da ita, ka kawo masa mutum ya rasa inda zai ajiye idonsa.

Wani tsoho mai kantin magani a bakin tasha, wanda kowa ke kira Baba Kemis, shi ne silar komai. Wata rana Ga-ni-nan ya je gyara masa firinta, ya tarar da shi yana fitar da katan-katan na maganin da wa'adinsa ya wuce, yana jibgewa a waje yana tsaki. Ya dawo ya ba Auta labari. Auta ya shige ɗaki, bayan 'yan watanni ya fito da manhaja. Ba wata ƙawa gare ta ba, farin allo ne da layuka kamar littafin 'yan firamare. Amma ta san abin da ya rage a kanti, kuma duk maganin da wa'adinsa ya kusa sai sunansa ya koma rawaya, in ya wuce ya koma ja, ta ƙi yarda a sayar da shi. Ba ta neman intanet, ba ta neman sabuwar kwamfuta. Ko a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis, in dai akwai batir, tana aikinta.

Suka kama ɗaki biyu a saman shagon mai sayar da taya, suka rataya allon kamfani. Auta yana ciki yana rubutu, yayansa yana kan babur. Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Ba su yi arziki ba, amma an rufa asiri, an yi wa Inna sabon rufi, yara suna makaranta.

Layin wayar kuwa ya girmi kamfanin. Shi ne layin farko da Ga-ni-nan ya saya tun farkon shigowar waya, lokacin da ake turereniya a kan sim. A kansa aka yi masa albishir ɗin haihuwar 'ya'yansa duka. Kuma lambarsa ce lamba guda tak da Inna ta haddace a duniya. Idonta ya yi rauni, ba ta karanta sunayen da ke cikin waya, amma ka miƙa mata 'yar wayarta mai maɓallai, babban yatsanta ya san hanya, yana bin lambobin ɗaya bayan ɗaya kamar tana jan carbi. Lokacin da aka ce kowa ya je ya yi wa layinsa rajista, Ga-ni-nan ya sa sunan kamfani a maimakon nasa. Ba wanda ya sa shi. Shi dai yana so in an duba a ga kamfani ne na gaske mai layin kansa, ba wasu 'yan'uwa biyu a saman mai taya ba. Ranar ya dawo gida yana ta ba matarsa labari kamar wanda ya sayi fili.

Ana nan sai manya suka waiwayo. A ƙasar akwai kamfanonin manhaja biyu da suka fi ƙarfin kowa, ɗaya mai shuɗin tambari, ɗaya mai kore. Bankuna, makarantu, asibitoci, manyan ofisoshi, duk sun raba su a tsakaninsu, kuma kowanne ba ya samun barci in ya ji ɗayan ya leƙa wata sabuwar ƙofa. Masu kore suka fara shiga kantunan magani a wasu garuruwa. Masu shuɗi, maganar gaskiya, ba abin da ya dame su da kantin magani, ribar da ke ciki ba ta kai kuɗin shayin ofishinsu ba. Amma wani ya zana musu a allo cewa wanda ya riƙe kantunan magani yau, gobe shi zai shiga asibitocin da ke aiko musu da marasa lafiya, asibitoci kuwa a hannun masu shuɗi suke. Saboda haka dole a tare ƙofar, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a sayi wanda ke tsaye a bakinta.

Auta ne ya kawo maganar, a tsaye, yana kallon silin.

"Yaya, in ba mu sayar musu ba, za su yi irin tamu su raba kyauta. Su ko shekara nawa suka yi suna asara ba za su ji ba. Mu damina ɗaya ba za mu kai ba."

"To mutanenmu fa?"

"Sun ce ba abin da zai canza. Kai ma sun ce suna son ka."

Maganar farkon dai, ta raba kyauta, gaskiya Auta ya faɗa. Aka sa hannu, aka ɗauki hoto. Ba a rufa shekara ba Auta ya samu aiki a wata ƙasa, ya kwashi matarsa ya tafi, ya bar wa yayansa alkawarin zai riƙa kira.

Shi kuwa Ga-ni-nan aka kai shi wani dogon bene na gilashi, mai lifta, mai sanyin da sai ka ɗora riga a kan riga. Aka ba shi tebur kusa da taga, da kati mai hotonsa da ake ratayawa a wuya, da muƙami mai tsawo: Jakadan Abokan Hulɗa. Wasu ranakun har mota da direba. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana shaƙar ƙurar firinta, me kake tsammani? Kansa ya kumbura, kuma ba a ɓoye ba. Katin nan da shi yake zuwa sayen burodi, da shi yake zuwa aski. Matarsa, wadda ke koyarwa a makarantar firamare kuma bakinta ba ya ajiye magana, ta ce masa, "Baban yara, ka dai riƙa cire shi in za ka shiga wanka, kada hoton ya jiƙe a kasa gane Jakada."

Shugabar sashen tsare-tsare wata mata ce da ma'aikata ke kira Madam Kibiya a bayan idonta, saboda duk zanen da za ta haska a bango sai ka ga kibiya ta nufi sama. Abin haushin shi ne ba muguwa ba ce. Da muguwa ce da an samu wanda za a zaga a huce. Tana gaishe shi da girmamawa, tana tambayar ƙafar Inna, tana tuna ajin da 'yarsa take. Ita ta kira shi ɗakin taro ta yi masa bayanin abin da suka sa wa suna Ƙaura. Za a kwashe duk masu kantunan daga tsohuwar manhaja a mai da su kan sabuwa ta kamfani, wadda ke zaune a intanet, ana biyan ta wata-wata. Tsohuwar kuma a goge ta daga kowace kwamfuta, don kada a raba hankalin mutane.

"Ranki ya daɗe, ƙauyukan nan fa ba sabis," in ji shi.

"Mun lura da wannan, Malam, ana aiki a kai." Ta yi murmushi. "Bari in faɗa maka gaskiya. Manhajarku injiniyoyinmu za su rubuta wadda ta fi ta kafin wata ya mutu. Ba ita muka saya ba. Kai muka saya."

Ya ji daɗin maganar nan har cikin ransa. Ya kawo ta gida da zafinta, ya faɗa wa matarsa tana tsaka da guga. Ta ɗaga dutsen gugar ta dube shi.

"Saya? Kamar rago?"

"Ke ba ki san yaren manyan kamfani ba. Yabo ne."

"To, Allah ya sa yabon ne," ta ce, ta ci gaba da gugarta.

Kafin a fara Ƙaurar aka kai shi wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso, aka sa masa makirfo a gaba. Aka ce kira zai yi yawa, in yana kan wata wayar bai kamata mai kira ya ji shiru ba, gara ya ji muryar da ya saba da ita. Aka ba shi 'yan kalmomi ya faɗa: ga ni nan, danna ɗaya, danna biyu, a ɗan jira ni. Mai ɗaukar muryar ya ce ya yi tun a karon farko. Ga-ni-nan ya ce sam, a sake, bai fito da kyau ba. Ya sha ruwa, ya gyara murya, ya sake. Ya saurara, ya ce akwai sauran gyara, mutanensa ba su saba jin sa a daƙile ba. Sai da ya tuno fuskar Baba Kemis, ya yi murmushi tukuna, sannan ya faɗa. Wannan karon har mai ɗaukar muryar ya ɗaga masa babban yatsa.

Daga nan ya shiga gari, kanti-kanti, ƙauye-ƙauye, ƙafa da ƙafa. A kantin Baba Kemis ya fara, don ya san in tsohon ya yarda an gama. Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya dubi direba da motar da ke waje, ya dubi katin wuyansa.

"Ni fa ban san wani kamfani ba, kai na sani. Wannan sabuwar in ta tsaya, wa zan kira?"

"Ni mana, Baba. Duba, ga lambar nan a inda take, ba ta canza ba."

"Kuma za ka zo?"

"Yaushe na taɓa ce maka ga ni nan ban zo ba?"

Baba ya bincika shekarun da suka yi tare, bai samu ko sau ɗaya ba. Ya matsa daga gaban kwamfutar ya ce, "To bisimilla, zuba."

Da hannunsa Ga-ni-nan ya goge manhajar ƙanensa daga kwamfutar da aka fara sa ta a duniya. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya danna e, ko gezau bai yi ba. Labari ya bazu cewa Baba Kemis ya koma sabuwa, sauran suka bi. Masu tallan kamfanin kore kuwa duk kantin da suka shiga, da rangwamensu da kyautar riga da hula, amsa ɗaya suke samu: mu muna da Ga-ni-nan. Suka yi ta bugawa har suka gaji. Ƙarshe suka tattara nasu ya nasu suka bar harkar kantin magani gaba ɗaya, suka koma neman makarantu.

Ranar da labarin ya iso benen gilashi aka yanka kek. Madam Kibiya ta haska zane, ta kira Ga-ni-nan gaba, aka yi masa tafi. Shi ma ya tafa, ya ci kek, ya ƙunso wa yara. Bai san bikin sallamarsa yake ci ba, domin wanda aka ajiye don ya tare ƙofa, in mai son shiga ya juya, zamansa ya ƙare.

Ba a jima ba aka kwashe injiniyoyin da ke kula da sabuwar manhajar aka tura su yaƙin makarantu. Maganar sabis na ƙauye da ake aiki a kai ba a sake jin ɗuriyarta ba. Manhajar ta fara halinta: yau ta ƙi buɗewa, gobe ta buɗe ta tsaya tana juya wani ɗan zobe a tsakiyar allo, mai ciwon kai yana tsaye yana jira. Waya ta yi ta ƙara. Ga-ni-nan yana ɗauka, yana cewa ga shi nan, kuma yana zuwa, yanzu a kan baburinsa, don an mai da motar sashen makarantu. Amma ya je ya yi me? Da can ciwon yana cikin kwamfutar da ke gabansa, ya buɗe ta ya gyara. Yanzu ciwon yana can wani wuri da ko Madam ba ta taɓa gani da idonta ba. Sai ya zauna a kan benci, a ba shi ruwa, ya kashe ya kunna, ya ba da haƙuri, ya rubuta ƙorafi ya aika sama. Daga saman a amsa masa da cewa an gode, an lura.

Ya kira Auta ya roƙe shi ya turo masa tsohuwar manhajar, ko mutum biyu-uku na ƙauye ya mayar musu.

"Yaya, ba tamu ba ce yanzu. Na sa hannu. Don Allah kada ka jawo mana shari'a." Sai ya sassauta murya. "Ya jikin Inna?"

Abin da ya fi ci masa rai ya faru ne a kantin Baba Kemis. An yi kwanaki sabis yana wasa, manhajar ba ta nuna rawaya ba, ba ta nuna ja ba, Baba kuma ya daɗe da daina duba gindin kwalba, don an saba masa da mai duba masa. Ya sayar wa wata mata maganin tarin yara wanda wa'adinsa ya wuce. Allah ya taƙaita, mijinta ya lura kafin a ba yarinyar. Amma mutumin ya dawo da kwalbar, ya tsaya a bakin tasha, a gaban direbobi da fasinjoji, ya wanke tsohon tas, ya kira shi mai kashe 'ya'yan mutane don riba. Tsohon da ya tsufa a wurin nan ba a taɓa ɗaga masa murya ba. Da Ga-ni-nan ya iso ya tarar da shi zaune, ya zube kwalabe a gabansa, yana duba su ɗaya-ɗaya da tabarau a kan hanci. Bai yi masa faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi.

"Ka dai zo," in ji Baba, bai ɗago ba. "Na gode da ka zo."

Watan da ya biyo baya Madam Kibiya ta kira shi ofishinta. Kamfani ya sake duba alƙiblarsa, za a rufe sashen kantunan magani. Manhajar za a bar ta yadda take ga mai so, amma ba mai sake taɓa ta. Ta yaba masa sosai, ta miƙa masa wani ɗan allo na gilashi mai rubutun godiya. Sannan ta ce sai ya bar katin wuya, da kwamfutar hannu, da layin.

"Wane layi?"

"Na kamfani, Malam. Wanda ke kan allo."

"Ranki ya daɗe, layina ne. Tun kafin a san za a yi kamfanin nake da shi."

"Da sunan kamfaninku aka yi masa rajista, kamfaninku kuma mun saye shi da duk abin da ya mallaka." Ta faɗa a hankali, kamar mai ba mara lafiya labari. "Kuma ba za mu iya sakin sa ba. Mutanen nan wannan lambar suka sani. In masu kore suka ji mun fita suka dawo, ko wani ya ɗauke ka aiki gobe, duk inda lambar ta je can za su bi."

Ya ajiye girma ya roƙe ta. Ya gaya mata maganar Inna, da idonta, da yatsanta. Ta saurara, kuma har ga Allah ta ji tausayinsa, ya gani a fuskarta. Ta ce, "Ayya. Sai a koya mata sabuwa, ai tsofaffi suna da kai." Ta ciro ƙaramin ƙarfen maƙale takarda daga aljihun tebur, ta miƙe shi da farcenta, ta ba shi don ya zaro sim ɗin. Sai da ya soka ramin ya kuskure, ya sake. Ɗan abin ya faɗo a kan tebur, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ta sa shi a ambulan ta manne.

Ya sauko a lifta ba kati a wuya, mai gadi ya buɗe masa ƙofa da nasa.

Ya koma gyaran firinta, a wani ɗan shago da ya kama a bayan kasuwa, don ƙarƙashin matakalar nan tuni mai sayar da katin waya ya gaje shi. Ya sayi sabon layi wanda shi kansa sai ya duba yake iya faɗar lambarsa. Ya koyi sababbin hanyoyi a garin da aka haife shi, waɗanda ba sa bi ta gaban kantin magani. Duk da haka akan yi kiciɓis. Wani ya gane inji ne ke amsa tsohon layin da muryarsa, ya kawar da kai kawai. Wani kuma daga ƙauye ya tare shi ya ce, "Haba Malam, kullum ka ce ga ka nan, mu share benci, shiru." Sau ɗaya ya yi ta maza ya bi ta tasha, ya hango cikin kantin Baba Kemis daga kan babur. Kwamfutar tana nan a kunne, amma a ƙasan allon ta ɓangaren dama an manna filastar ciwo, an rufe lambar. Bai tsaya ba.

Inna kuwa bai gaya mata komai ba. Kunya ta hana shi. Ta yaya zai ce wa tsohuwar da ke ba maƙwabta labarin ɗanta Jakada cewa an karɓe har wayar? Ya ce mata dai ya yi sabon layi wanda ya fi sabis. Matarsa ta zauna ta kama yatsan Inna tana bi da shi a kan sababbin lambobin, Inna tana cewa to, to, na riƙe. Matar ta ce masa a hanya, "Ka gaya mata gaskiya, Baban yara, ba ta riƙe komai ba." Ya ce zai gaya mata, a bari ya samu lokacin da ya dace. A maimakon haka sai ya riƙa leƙa ta a kai a kai, yana kai mata abin da take buƙata tun ba ta nema ba, don kada ta samu dalilin kira.

Wata ranar Talata da la'asar mijin maƙwabciyar Inna ya same shi a shago, bayan ya sha yawon tambaya a kasuwa. Ya ce tsohuwa ta zame a banɗaki tun da hantsi, matarsa ce ta ji ƙarar ta ɗaga ta. Sun ce a samo mota a kai ta asibiti, ta ƙi, ta ce ta riga ta kira ɗanta, yana hanya.

Ya same ta a bakin ƙofar ɗakinta a kan kujerar roba. Ta sa an canza mata zane, an ɗaura mata ɗankwali mai kyau, jakar katin asibitinta tana kan cinyarta, wayar tana hannunta. Gwiwar ta kumbura ta yi suntum, har fatar tana sheƙi. Inuwar da aka ajiye ta a ciki da safe ta daɗe da matsawa, rana ta gama dukan ƙafafunta, ba ta yarda an gusar da kujerar ba don daga nan ake hango ƙofar gida.

"Babba, ka iso," ta ce. Haka take kiran sa.

Ya durƙusa a gabanta.

"Na kira ka, ka ce ga ka nan. Na ce maka na faɗi, ka ce in danna ɗaya. Na danna. Ka ce in ɗan jira ka. To na jira." Ba faɗa a muryarta, bayani kawai take yi. "Da na ga rana ta yi na sake kira, ka sake cewa ga ka nan. Na ce wa maƙwabciya ki bar motar, yaron nan bai taɓa faɗa bai zo ba. Na san aiki ya yi maka yawa a wurin manyan nan. Amma da can kana bari in gama magana."

A nan, a durƙushe, ya gaya mata abin da ya kamata ya gaya mata tun watanni. Babu aikin, babu motar, babu layin. Ya ce wanda ta ji ba shi ba ne, inji ne, murya ce aka ɗauka aka ajiye, kamar kaset.

Inna ta dube shi da ɗan abin da ya rage mata na gani.

"Na san kaset, ai ba jiya aka haife ni ba," ta ce. "Amma kaset ba ya ƙirƙirar magana, sai abin da aka zuba masa."

Babban yatsanta ya bi hanyarsa a kan maɓallan, ba tare da ta duba ba. Ta miƙo wayar tsakaninsu. Ba ta daɗe tana ƙara ba muryar ta fito, tas, mai ɗan kauri, cike da fara'a: "Ga ni nan." Ya gane ta. Ta ƙarshen nan ce, wadda ya nace sai an sake, wadda ya yi murmushi kafin ya faɗa don mutanensa su ji kamar yana gabansu.

"Wannan bakin wa ne?" in ji Inna.

Muryar ta ci gaba, tana cewa a danna ɗaya, a danna biyu, a ɗan jira ta.

"Nawa ne, Inna," ya ce.

Ta kashe wayar, ta sa ta a cikin jakar asibitin, ta miƙa masa hannu ya ɗaga ta.